Ra'ayinmu: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, abin takaici ne a ga mutum ya sayar da kwamfutarsa ta hannu da arha don kawai ta daina kama Wi-Fi, alhali kuwa sau da yawa ciwon bai wuce na wani ɗan kati da ke cikinta ba, wanda girmansa bai fi kan sarki ba.

Sauya shi ba gagarumin aiki ba ne. Za a cire batir, a kwance sukurun da ke riƙe da katin, a zare siraran wayoyin eriya guda biyu da suka gangaro daga murfin kwamfutar, sa'an nan a sa sabo, a mai da su a hankali.

Amma fa sai an yi tambaya kafin a zare kuɗi. Tsofaffin kwamfutoci ramin Mini PCIe gare su, na baya-bayan nan kuwa M.2, katin wannan kuma ba ya shiga wancan. Haka nan wasu tsofaffin samfuran Lenovo da HP ba sa tashi in an sa musu katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ƙera wasu sababbi da katin a like da dalma, ba halin sauyawa. Wannan tauye haƙƙin mai kaya ne. Saboda haka duk mai niyyar saye ya tambaya tukuna: shin ana iya cire katin? Allah ya sa mu gane.