Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Mu Koyi Haɗa Amfilifaya



Babu wanda bai san amfanin lasifika ba a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Da ita ladan yake kiran salla, da ita mai magani yake talla a kasuwar Sara, da ita ake sanarwa a wurin ɗaurin aure, da ita kuma ake yi mana jawabi a taron safe. Amma lasifika ita kaɗai bebiya ce, sai an haɗa ta da akwatin nan mai ƙara wa murya ƙarfi, watau amfilifaya. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da mu 'yan makaranta za mu koyi haɗa wannan akwati da gyara shi da hannunmu, domin wani sabon samfuri ya fito wanda ya kawo wannan sana'a kusa da mu ƙwarai.

Masana sun kasa amfilifaya aji-aji. Tsofaffin da muka saba gani, masu nauyi kamar dutsen niƙa, yawancinsu 'yan ajin AB ne. A cikinsu tiransisto yana aiki kamar famfon da aka buɗe rabi, kullum yana tare wuta, wutar da ya tare kuwa zafi take zama. Shi ya sa idan aka ba su wuta kashi 100, abin da ke kaiwa ga lasifika bai cika wuce kashi 50 zuwa 60 ba. Sabon samfurin shi ake kira ajin D. Shi tiransistonsa ko dai a buɗe yake sarai ko a rufe ruf, yana kunnawa yana kashewa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan murya ta yi ƙarfi sai ya daɗe a kunne, idan ta yi ƙasa sai ya gajarta. Sa'an nan wani naɗin waya ya tace wannan kunne-kashe, sauti ya fito sumul. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, saboda haka ba ma jin motsin ko kaɗan. Ta haka ajin D yake kai kimanin kashi 90 na wutar ga lasifika.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani Baturen Ingila mai suna Alec Reeves ne ya ƙago ta a shekarun 1950, kuma a 1964 kamfanin Sinclair ya fara sayar da ita ga masu sha'awar haɗa kayan rediyo a gida, ko da yake ƙarfinta a lokacin bai kai wat 3 ba. Yau kuwa ana sayar da ita a kan ɗan allo wanda masu gyara ke kira fanel, an riga an jera masa kayansa. Akwai ƙarami mai ƙwaƙwalwar PAM8403, bai fi akwatin ashana ba, yana aiki da bolt 5 irin na cajar waya, yana ba da wat 3. Akwai matsakaici mai TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments da ke Amurka, girmansa kamar tafin hannu, yana iya ba lasifika biyu wat 50 ko wacce. Akwai kuma babba mai TPA3255 wanda yake kaiwa wajen wat 300. Yawancin fanel ɗin a ƙasar Sin ake harhaɗa su, 'yan kasuwa su shigo da su ta Legas da Kano, wasu kuma su yi odarsu ta intanet.

To, me ya shafe mu? Kowa ya san halin da wutar lantarki take ciki a garuruwanmu, balle ƙauyuka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta ya zama aikin mai hali. Amfilifayar da ba ta ɓarnar wuta kuwa batir ɗaya da farantin sola sun ishe ta. Masallacin ƙauye da makarantar Islamiyya da mai shela duk suna bukatarta. In ba mu iya haɗa ta ba, kuɗinmu ne zai riƙa tafiya Kano, kuma duk ranar da ta lalace sai a biya kuɗin mota domin waya ɗaya da ta tsinke. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Har ila yau, wanda ya san aikin ba a cutarsa a kasuwa. Sau da yawa za ka ga an rubuta wat 1,000 a jikin ƙaramin akwati mai shan batir kai tsaye. Ga lissafin da ɗan aji huɗu zai iya yi. A ninka bolt da kansa, a raba da ninki biyu na om ɗin lasifika. Batir mai bolt 12 da lasifika mai om 4: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 8, ya zama wat 18. In aka haɗa batir biyu suka zama bolt 24, sai a sami wat 72. Babban fanel ɗin nan ma ba ya kai wat 300 sai an ba shi wajen bolt 50. Saboda haka in babu na'urar ɗaga wuta a cikin akwatin, wat 1,000 ɗin nan rubutu ne kawai. Ashe dokar Ohm da muke haddacewa don jarrabawa tana tsare aljihun mahaifinmu.

Na san iyayenmu suna da abin cewa, kuma maganarsu abar saurare ce. Na farko, suna tsoron kada yaro ya bar karatu ya bi 'yan kiɗa. Amma mai haɗa amfilifaya dole ya zauna da lissafi da kimiyya, kuma hanyarsa ta fi kusa da kwalejin fasaha ta Dutse ko ta Kazaure bisa ga dandalin rawa. Na biyu, wasu suna cewa wannan ba ƙira ba ce, tun da a waje aka yi ƙwaƙwalwar. Gaskiya ne. Amma tela ma ba shi ya saƙa yadin ba, kuma ba wanda ya ce ba shi da sana'a. Zaɓen batir da ya dace, sa fis, narka dalma a liƙe waya, ƙera akwatin katako wanda zai fitar da murya, gano inda cuta take da mita, duk ilmi ne. Na uku, haɗari. Wannan kam babu wasa. Ɗan koyo ya tsaya a kan batir mai bolt 12, kada ya taɓa wutar gida sai da malami a kansa, kuma kada ya haɗa batir babu fis, domin wayoyi biyu suka haɗu suna iya tayar da gobara.

Akwai kuma hakkin maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraren ƙara mai yawa, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A Nijeriya ma akwai dokar hana ƙara fiye da kima tun 2009. Bugu da ƙari, fanel mai araha wanda aka rage wa naɗin tacewa yakan sa rediyon maƙwabci ya riƙa shuu, dattijo ya kasa jin labarai a gajeren zango. Araha ba ta ado. Wanda ya koyi aikin a hannun malami zai san cewa abin nema shi ne murya ta fita tangaran, ba ta fasa kunne ba.

Shawarata ita ce kulob ɗin kimiyya na makaranta ya tanadi mita ɗaya, da ƙarfen narka dalma, da ƙananan fanel kaɗan, a fara da mai wat 3. Ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai su taimaka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gayyato mai gyaran rediyo daga cikin gari ya riƙa nuna mana ranar Asabar. A kuma sa 'yan mata a ciki, don dalma ba ta san hannun namiji ko na mace ba. Aikin farko ya zama amfilifayar taron safe.

Sanin amo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1955 masanin tarihi Bernard Fagg ya ga duwatsun nan na Birnin Kudu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, kusa da zanen mutanen da. Su da dutse suka yi aiki, mu kuwa ga kayan zamani sun zo har ƙofar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.