SARKI CARTER DA JIKANSA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in kawo muku labarin wani gida a Virginia ta ƙasar Amurka, tun zamanin da take ƙarƙashin mulkin Ingila.

Maigidan shi ne Robert Carter, wanda saboda tsabar dukiya da isa mutane suka laƙaba masa "Sarki". Ya yi kakakin majalisa, ya yi ma'aji, har ya riƙe muƙamin gwamna daga 1726 zuwa 1727. Shi ne kuma wakilin gidan Fairfax mai raba filaye, ya yi ta yanka wa kansa da 'ya'yansa. Da ya rasu a 1732 ya bar ƙasa wajen eka 300,000 da bayi fiye da 700 masu noma masa taba. Shugabannin Amurka biyu, William Henry Harrison da Benjamin Harrison, daga zuriyarsa suka fito, haka ma Janar Robert Lee.

To amma wannan mutumin ne ya nemi izinin kotu don a yanke wa bayinsa biyu yatsun ƙafa, wai sun cika gudu, aka kuwa ba shi. Ana kiran ɗayansu Bambarra Harry, da alama mutumin Afirka ta Yamma ne kamarmu. Allah Sarki!

Ni a ganina jikansa, Robert Carter na uku, ya fi shi cancantar a tuna da shi. A 1791 ya kai takarda kotu cewa zai 'yanta bayinsa sama da 450. Maƙwabta suka yi masa ca, 'ya'yansa ma ba su so ba, domin gādonsu ne ke tafiya. Bai fasa ba.

Wani zai ce ai ya daɗe yana cin guminsu, kuma kaɗan-kaɗan ya riƙa sakinsu shekara bayan shekara. Gaskiya ne, ban wanke shi ba. Amma a duba manyan zamaninsa. George Washington sai a wasiyya ya 'yanta nasa, Thomas Jefferson kuwa, mai cewa duk mutane daidai suke, 'yan ƙalilan ya saka. Shi Carter da ransa da lafiyarsa ya yi, yana kallon asarar da idonsa.

Cocin da kakan ya gina yana nan tsaye, baƙi na zuwa kallo. Jikan ya koma Baltimore, ya rasu a 1804, aka binne shi a kabarin da babu ko alama.