Da Hananiya Ya Ƙi Zuwa Fa?



Sau uku littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin gamuwar Shawulu da Yesu wanda ya tashi daga matattu, a sura 9, da 22, da 26. Masu wa'azinmu sukan tsaya a kan hasken da ya kā da shi a hanyar Dimashƙu. Mu kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi jan hankalinmu.

Ubangiji ya yi magana da Shawulu kai tsaye, amma bai buɗe masa ido a kan hanya ba. Kwana uku ya yi a gidan wani Yahuza, ba gani, ba ci, ba sha, sai da aka aiko Hananiya. Littafi bai kira Hananiya manzo ba, almajiri kawai ya ce. Ya ma yi gardama, ya tuna wa Ubangiji irin ɓarnar da mutumin ya yi wa masu bi a Urushalima. Gaskiya ya faɗa, domin wannan ne ya goyi bayan jifan Istifanas. Duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Bayan nan a Urushalima ma tsoronsa aka yi ta ji, sai da Barnaba ya tsaya masa.

Mun san wannan tsoro. Wanda ya ga abin da ya sami ikilisiyoyi a Tudun Wada a watan Satumba na 2007 ba za a koya masa taka-tsantsan ba. Amma daga Doguwa zuwa Kiru da Bebeji, yakan faru baƙo ya zo yana tambaya game da Yesu, a bar shi a bencin baya wata da watanni, kowa yana jiran wani ya fara gaishe shi. Wasu sukan gaji su daina zuwa, mu kuma mu ce dama mun sani.

Ba mu ce dattawa su daina bincike ba. Muna roƙo kowace majalisar dattawa, a zamanta na gaba, ta zaɓi mutum biyu masu natsuwa, namiji da mace, waɗanda aikinsu shi ne su zauna da irin wannan baƙo tun ranar Lahadinsa ta fari, su ji labarinsa, su yi addu'a tare da shi.