Tsiren da ya faɗi ƙasa: a hure a ci, ko a haƙura?

Ka tsaya da yamma a bakin titin Boɗinga, kan hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari ta nufi Tambuwal. Ka sayi tsire na ɗari biyar, mai nama ya naɗe maka a takarda. Kana buɗewa sai yankar da ta fi kowacce maiƙo ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Tsakaninka da Allah, me za ka yi? Yawancinmu mun san amsar: a waiga hagu a waiga dama, a yi wuf a ɗauke, a hure sau biyu, a yi bismillah a jefa baki. In wani ya yi magana a ce masa, "Haba, ai bai daɗe ba."

Wannan "bai daɗe ba" har Turawa suna da ita. Suna kiranta dokar sakan biyar, wai in ka ɗauke abinci kafin sakan biyar ƙwayoyin cuta ba su kai ga hawa ba. Ana ta barkwanci da ita a TikTok, amma masana sun gwada ta da gaske. A 2016, Farfesa Donald Schaffner da ɗalibarsa Robyn Miranda na Jami'ar Rutgers a Amurka sun shafa ƙwayoyin cuta a kan tayil, katako, kafet da ƙarfe, sannan suka riƙa yada kankana, burodi, burodi mai bota da alewa a kai. Wani a ɗauke kafin sakan 1, wani bayan sakan 5, wani 30, wani 300. Awo 2,560 suka yi. Sun tarar ƙwayoyin suna iya hawa abinci tun sakan ɗaya bai cika ba. Daɗewa tana ƙara yawansu, amma danshi ya fi lokaci tasiri: kankana ce ta fi kwasowa, alewa ta fi tsira. Tun a 2007 ma wani bincike a Jami'ar Clemson ya nuna ƙwayar Salmonella, mai sa ciwon ciki da gudawa, tana iya yin mako 4 da rai a kan busasshen tayil.

To wannan fa tayil ne na ɗakin gwaji. Yanzu dubi inda namu abincin ke faɗawa. Tsakar gidan da kaji da awaki suka yini suna zagayawa. Bakin tashar Shagari, inda takalmin da ya fito daga masai yake takawa. Ƙofar shagon da ɓera ya bi da dare, alhali ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa. Ƙwan tsutsar ciki yana iya yin watanni a cikin ƙasa yana jiran baki. Kwalara da taifot kuwa hanyarsu ɗaya ce, daga bayan gida zuwa baki, kuma da damina ruwa yana kwaso ƙazantar bayan gari ya shimfiɗa ta a lungunanmu. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihar Sakkwato tana cikin waɗanda abin ya taɓa. Hurewa tana kawar da yashin da idonka ya gani. Abin da ke kwantar da mutum ido ba ya ganinsa.

Na san abin da ke bakinka: "Ai hadisi ya ce a ɗauka a ci." Gaskiya ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wanda lomarsa ta faɗi ya ɗauke ta, ya gusar da ƙazantar da ta same ta, ya ci, kada ya bar wa Shaiɗan. Amma lura, umurnin gaɓa uku ne, mu kuma mun saba tsallake ta tsakiya. Imam Nawawi, a sharhinsa na wannan hadisin, ya bayyana cewa in lomar ta faɗa wuri mai najasa dole a wanke ta, in ba za ta wanku ba a bai wa dabba. Ka ga ke nan malamai sun daɗe da raba lomar da ta faɗi a kan tabarmar cin abinci da wadda ta faɗa inda ba a san abin da ya taka wurin ba.

Saboda haka ka daina ƙirga sakan. Tambayi kanka abu biyu: a ina ya faɗi, kuma zai tsaftatu? Dabino, goro, lemo, mangwaro, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, duk waɗannan a wanke da ruwa mai tsafta ko a ɓare, a ci lafiya. Ɗanyen nama ya faɗi, a wanke a dafa shi sosai, wuta za ta ƙarasa aikin. Amma lomar tuwo da miya, ɗanwake da ya sha mai, awara, alala, yankakkiyar kankana, ta yaya za ka wanke su? In a kan faifai ko tabarma mai tsafta suka faɗi, a cire gefen da ya taɓa. In a turɓaya ne, rabon kaji ne. Wanda ya bai wa kaza bai yi almubazzaranci ba.

Wani zai ce, "Ni tun ina yaro nake ci, ban taɓa jin komai ba." Wataƙila. Kai saurayi ne mai ƙarfi a jika. Amma ƙanenka ɗan shekara uku yana kallonka, kuma abin da ya ga Yaya ya yi shi zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 duk shekara, yana kashe dubu 420, kuma dubu 125 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Gudawar da kai za ka sha gishiri da sukari ka miƙe, ita ce ke ƙarar da ruwan jikin yaro cikin yini guda. Haka mai juna biyu, haka Kaka da ke kwance a ɗaki.

Ke kuma 'yar'uwa mai tallar ƙosai ko awara, da kai mai tura baron kankana a Danchadi ko Kajiji, ga amana a hannunku. Mun san ribar ba ta da yawa, kuma ƙosai ɗaya kuɗi ne a wannan tsadar. Amma wanda ya faɗi kada ya koma cikin tire. Wanda zai saya bai ga faɗuwarsa ba, bai kuma yarda ya ci ba. Mu masu saye, in mun ga mai talla ta ware wanda ya faɗi, wurinta ya kamata mu koma gobe.

Mu koma kan tsirenka na Boɗinga. Nama ne mai maiƙo da ƙuli, ya faɗi a bakin babban titi, ba ka da ruwan wankewa, ko kana da shi ma ba ya wankuwa. Da zafi, mun sani. Amma kada garin neman gira a rasa ido: kuɗin ledar ƙarin ruwa ɗaya ya sayi wannan yankar sau nawa? Tura wa magen da ke raɓe a gindin teburin mai nama, ka riƙe takardarka da kyau, ka ci sauran.