Gwangwani ba shara ba ne, mu ne muka raina shi

Jama'ar Sabo, har yaushe za mu riƙa yi wa yaranmu 'yan bola kallon banza? Yaro ya yini cikin rana yana tsintar gwangwanin lemo, sai ya tara wajen 70 kafin kilo guda ya cika, dillali ya saye da arha. Wahala tamu, riba ta wasu.

Alminiyon nan fa kuɗi ne. Narka tsoho bai cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wutar da haɗa sabo ke ci. A jami'ar fasaha ta Akure, masana sun gauraya shi da tokar ɓuntun shinkafa, ya ƙara tauri, ga rashin nauyi. Ɓuntun nan kuwa tsibi-tsibi yake a Kano da Kebbi.

Masu cewa sana'ar ƙazanta ce, wace kuka ba yaran? E, akwai masu fakewa da ita suna sata. Maganinsu rajista, ba korar kowa ba.

Sarkin Hausawa da dattawa, a haɗa yaran nan ƙungiya, a saya musu sikeli da injin matse gwangwani, su daina sayarwa ɗai-ɗai. Allah Ya sa a ji.