Shugabanci Ba Cizo Ba Ne: Darasi Daga Karnukan Alaska

A Amurka da Ingila wasu kamfanoni kan kai ma'aikatansu wajen masu horar da karnuka domin su koyi jagoranci da aikin haɗin gwiwa. Abin kamar wasa, amma akwai hikima a ciki, muddin an ɗauki darasin da ya dace.

An daɗe ana cewa garken kyarketai, dangin kare na jeji, yana da sarki guda wanda ya hau mulki da cizo, don haka wai shugaba na gari shi ne wanda ake tsoro. Masanin dabbobi David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan ra'ayi, shi da kansa ya warware shi a 1999. Ya nuna cewa kyarketan da aka tsare a keji ne ke irin wannan faɗa. A jeji kuwa garke iyali ne, uwa da uba suna jan 'ya'yansu.

Abin da ya faru a Alaska a 1925 ya fi cancanta a koyar. Cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar teku. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin a kan amalanken ƙanƙara, suka ci kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Karnukan nan ba su da linzami. Murya kawai na gaba yake bi, ƙarfafa na baya kuma su ɗauki nauyin amalanke. Kowa da gurbinsa, kuma in babu yarda tsakanin kare da mai shi, tafiya ba ta yiwuwa.

Akwai kuma gargaɗi. Togo, karen Leonhard Seppala mai shekara 12, shi ya ja zango mafi tsawo da haɗari. Amma Balto, wanda ya shiga gari da maganin, shi aka gina wa mutum-mutumi a New York. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Saboda haka ya kamata malami da shugaban ɗalibai su auna kansu da wannan ma'auni. Wanda ya raba aiki gwargwadon iyawar kowa, ya yi umurni bayyananne, ya kuma yaba wa wanda ya sha wahala ko da ba a gan shi ba, shi ake bi ba tare da bulala ba.