Jibuti da 'Yan Hayarta a Bakin Babul Mandab

Tun da Ingila ta kame Adan a 1839, hankalin Faransa bai kwanta ba sai da ta sayi Obok daga hannun sarakunan Afar a 1862. A 1888 ƙasashen biyu suka shata iyaka tsakanin Jibuti da Zaila, tsohuwar tashar fataken Musulmi, tamkar masu rabon gadon da ba nasu ba.

Yau muna ganin sansanonin sojan Faransa, Amurka da Japan a Jibuti, Sin ma ta buɗe nata a 2017. Haya ake kiran abin yanzu, kuma kuɗi na shiga baitulmali. Sai dai ranar da Amurka da Sin suka sa zare, ba mu ga wanda Jibuti za ta iya cewa ya kwashe kayansa ba.